Dokin da Baba Bai Yi wa Ido Ba

Babanmu masassaƙi ne. Turmi da akushi da ƙotar hauya su ne abincinmu, su yake ɗora wa jaki ya kai kasuwar Kanan-Bakashe. Amma in aka gama yankan gero, hannu ya samu sarari, sai ya ɗauki guntayen icen dashi ya riƙa fitar da 'yan dawaki da gizago. Jikin ya shafe shi da jan karan dafi, sirdi da linzami ya zana su da shunin da yake roƙowa a marina. Yaran garinmu har faɗa suke a kansu.

Yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. Ba ya yi wa doki ido sai mai shi ya riƙe shi da hannu biyu, sannan ya ƙona tsinken ƙarfe ya ɗosa masa nan da nan. Wai don doki ya fara ganin ubangidansa. Inna takan ce, "Malam, ice ne fa!" Shi ko kallonta ba ya yi.

A shekarar da nake ba ku labari, ya sassaƙa wa ƙanena, autanmu, dokin da ya fi kowane kyau. Yaron ya ishe mu da naci, kullum yana tsugune yana taɓa shunin ya ga ko ya bushe. Ranar da ya bushe, Baba ya ce ya bi yara gulbi su yanko kaba, in ya dawo a yi ido.

Da hantsi muka ji kururuwa. Mahara ne a kan dawaki, irin waɗanda suka addabi ƙasar Tasawa a zamanin nan, masu kwashe mutane su sayar. Sun auka wa yaran a gulbi. Mazan gari suka bi sawu da baka da kwari, suka dawo da ƙaya a ƙafa. Yara biyu sun tsira cikin sarƙaƙiya, namu ba ya ciki.

Baba ya ɗora dokin a kan dangar ɗakinsa, fuska sumul, ba ido. Inna kuwa kullum sai ta kwashe tuwon auta a ɗan akushinsa ta rufe da faifai, da safe ni nake ɗumama shi in ci. Wallahi na tsani tuwon nan. Duk fataken da suka sauka kasuwa, Baba sai ya je ya kwatanta masu yaro mai wushirya da tabon ƙuna a gwiwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, har aka fara zancen aurena. Jan dokin ya koɗe, shunin ya yi toka-toka. Wani attajiri ya taɓa tayawa don ɗansa, Baba ya ce, "Yana da mai shi."

Sai wata rana wani mutumin Korgom, wanda aka kama tare da ƙanena kuma danginsa suka fanso shi, ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Bai yarda ya sha ruwa ba sai da ya faɗa. Ya ce yaron bai ma kai inda ake sayarwa ba, ƙishirwa ta kayar da shi a hanyar arewa, aka kwance shi daga igiya aka wuce.

Inna ba ta yi kuka ba, ta zauna a ƙasa kawai. Baba ya yi salati, ya raka baƙon, ya dawo ya sa tsinke a murhu. Ya sauko da dokin, ya hure masa ƙura, ya miƙo mani.

"Riƙe, ɗiyata. Da hannu biyu."

Na ce, "Baba, ba nawa ba ne."

Ya ce, "Riƙe dai."

Na riƙe. Icen ya yi cuu, hayaƙi ya shiga idona, dokin ya zuba mani ido. Da magariba Inna ta kwashe tuwo, ta kai hannu ga ɗan akushin, ta tsaya, sannan ta kife shi.