Atsu Ya Tafi Itace

Sau biyu mijina Etse ya shiga teku a duk rayuwarsa, shi da aka haifa a gidan masunta, jikan masunta. Na farko yana yaro. Ubansu ya sa shi a kwalekwale tare da Atsu, wanda aka haife su tagwaye, don su fara koyon sana'ar gida. Ko inda ruwa ke karyewa ba su wuce ba Etse ya amayar da abin da ya ci da safe, da na jiya, da wanda yake niyyar ci. Atsu kuwa yana tsaye a goshin jirgi yana gaisawa da mutane. Da suka dawo, uban ya sauke Etse a kan yashi kamar buhun gari, ya ce, "Cikin masunci ɗaya aka aiko mini, ɗayansu ya kwashe duka." Ba a sake maganar ba.

Kuma ba jirgi kaɗai ba ne. Duk abin da zai tafi da Etse ba da ƙafarsa ba, cikinsa bai yarda da shi ba. Ranar aurenmu aka ɗauko mota daga Keta don a fita kunya, ni na san abin da zanen aurena ya gani. Sai keke. A kan keke Etse mutum ne kamar kowa. Ni ina yin bandar kifi, shi yana ɗaurawa a bayan kekensa ya kai kasuwar Anloga da ta Dabala. In an jefa taru yana cikin masu jan igiya daga tudu, ruwa iyakarsa idon sawu. Ba ya faɗa, ba ya sauri, maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba. Shekara talatin da wani abu ina yi masa masifa, ko gezau.

Atsu ya bi kifi yamma, yadda mazanmu ke yi, har ya zauna a wani sansanin masunta can gaba da Aksim. Bai ajiye mata ba, bai ajiye ɗa ba. In ya zo gida, sai su biyun su zauna a gindin kwakwa suna kallon ruwa, ba mai cewa uffan, in rana ta faɗi su tashi wai sun sha hira.

Wata safiya ina juya kifi a kan wuta aka kira wayar Etse. Ya saurara, ya ce "To," ya kashe, ya ci gaba da ba tayarsa iska.

Na kira shi da sunan girmamawar da muke yi wa namiji, na ce, "Efo, wane ne?"

Ya ce, "Atsu ya tafi itace."

Na zauna a ƙasa. Mu ba ma cewa ɗan tagwaye ya mutu, sai dai ya tafi itace. Zazzaɓi ne ya kayar da Atsu, mutanenmu na can suka binne shi, amma sun yanke gashinsa da farcensa sun ƙulle a farin ƙyalle. Wannan ƙullin shi ake kawowa gida a binne kusa da iyaye, in ba haka ba mutum yana nan a baƙunta har abada.

Matsalar ita ce maƙabartarmu. Teku ta riga ta cinye tsohuwar kasuwa da filin ƙwallo da gidan da aka haife ni, a shekarar kuma ta fara kan kaburbura. Layi uku suka rage, ubansu da uwarsu suna na ƙarshe. Togbi Amuzu, dattijon zuriyarsu, ya ce a yi gaggawa. 'Yarmu Sename da ke aiki a Tema ta ce za ta hau mota, jibi warhaka ta dawo da ƙullin.

Etse ya ce, "Tare muka zo. Ni zan dawo da shi."

Togbi ya ce, "Da wace motar, ɗana? Wane direba ka tsana haka?"

"Da keke."

Na ce, "Da keke! Efo, Aksim fa, ba Dabala ba! Ƙarshen ƙasa! Kai da gwiwarka ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa? Kafin ka je ka dawo teku ta shigo har ɗakin girkina!"

Ya ce, "Adzovi, ina tamfol ɗin nan da kike rufe kifi?"

Haka ya shirya. Tamfol ɗina mai warin banda ya zama tanti, ya haɗa da gidan sauro, da igiyar taru, da 'yar tukunya, da gari, da busasshen kifi, da kwalbar yaji, da kayan faci. Ya ɗaure su a bayan keke har suka fi shi tsayi. Na tambaye shi ko ya san hanya. Ya ce teku tana hagu in yana tafiya, tana dama in yana dawowa, wanda ya ɓata kuma shi ya so.

Daga garinmu zuwa Ada, in ka hau jirgin fito ka tsallaka bakin kogin Volta, kafin ka gama cin dokunu ɗaya, wato ƙullin tuwon masararmu, ka sauka. Etse ya yi arewa har gadar Sogakope, ya zagayo. Daavi Kafui, mai sayen kifina a Ada, ita ta fara kirana.

"Adzovi, mijinki lafiya? Ga shi can bakin ruwa ya kafa bukka da tamfol. Na ce ya zo gida ya kwana, ga ɗaki ga katifa, ya ce shi ba baƙo ba ne, wucewa yake yi."

"Ya ci abinci?"

"Yana jiƙa gari. Karnukan unguwa sun kewaye tantin, warin kifi ya tara su."

Wayarsa a kashe take, wai kada caji ya ƙare, sai ranar Lahadi yake kunnawa. Amma duk bakin tekun nan ba garin da ba macen da ke banda, kuma duk mun san juna. Labarinsa ya riƙa zuwa mini kafin shi ya san ya faru. A Akra masu gadin wani otal suka kore shi daga yashi, ya matsa gaba kaɗan ya sake kafawa. A Winneba wata mata ta ga tsoho shi kaɗai a tanti yana kallon teku, ta ɗauka mai wahayi ne, ta kawo masa ɗanta ya yi masa addu'a. Ya duba yaron, ya ce a ba shi maganin tsutsar ciki. Kusa da Elmina alade ya shiga tantin ya cinye rabin garin. Taya ta fashe ba adadi, har facin ya fi tayar yawa.

Can gaba da Takoradi ya haɗu da wasu Turawa biyu, mace da namiji, su ma a kan kekuna, da jakunkuna masu kyau da tantin da ke tashi da kansa. Suka sauka wuri ɗaya, suka ba shi shayi. Suka ce tun daga Senegal suke bin bakin teku.

Etse ya ce, "Sannunku. Wa ya rasu muku?"

Suka ce ba kowa.

"To wa kuka je ɗaukowa?"

Suka ce ba kowa, sha'awa ce kawai.

Ya ce da ya ji haka sai tausayinsu ya kama shi, ya ba su busasshen kifi.

Ya isa sansanin, shugaban masuntan ya miƙa masa ƙullin a cikin gwangwanin madara. Suka nuna masa kabarin, ya zauna a wurin yini guda, kamar dai yadda suka saba. Washegari ya rataya gwangwanin a wuya cikin riga, ya juya keke, teku ta koma dama.

A dawowar ne labarin ya sauya. Wata ta kira ni daga Shama ta ce, "Mijinki ya koma sayar da itace ne?" Ashe duk inda ya kwana, in ya tashi naɗe tanti, sai ya tsinci ice guda cikin waɗanda teku ke tofarwa, ya soke a bayan keke. Kafin ya kai Cape Coast ya zama dami. Kafin Akra, in ya zo hawa sai ya sauka ya tura.

A nan gida kuwa ruwa ya yi toroƙo da tsayuwar wata, ya ɗauke layi guda. Da wata ya cika ya ɗauke na biyu. Ranar Lahadi na same shi a waya, raina a ɓace.

"Efo, layi ɗaya ya rage! Ɗaya! Su Baba ne a bakin ruwa yanzu!"

"Ina tafe."

"Kana tafe kamar hawainiya! Ka zubar da itacen nan, ka ba Sename gwangwanin ta hau mota, yau ɗin nan ta iso!"

"Itacen ba nawa ba ne."

"Na uban wa ne?"

Sai na ji ƙit. Ya ce daga baya caji ne ya ƙare. Ban yarda ba har yau.

Ya sake zagayawa ta gadar Sogakope. Ya iso da hantsi, ya rame, ya yi baƙi ƙirin, wandonsa ɗaure da igiyar taru, damin itace a bayansa. Ba wanda ya yi masa sannu da ƙarfi. Bai tsaya gida ba, ya wuce maƙabarta, muka bi shi. Babu maƙabarta. Shekaranjiya teku ta gama da ita, sai yashi mai laushi da ƙaguwa suna yawo.

Na yi niyyar in ce ai na faɗa maka. Maganar tana bakina. Da na ga yadda ya dafe gwangwanin a ƙirji sai ta koma ciki, tausayinsa ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba tun da na aure shi.

Togbi Amuzu ya ce, "Ɗana, ka yi iyakar yinka. An ba mu sabon fili bayan makaranta. Atsu zai zama na farko a can."

Etse ya ce, "Shi kaɗai?"

"Ai za mu same shi, ɗaya bayan ɗaya."

"Ya gaji da zama shi kaɗai, Togbi. Su Baba suna ina?"

Togbi ya nuna da sandarsa. Can cikin ruwa, gaba da inda yake karyewa, akwai kututturen kwakwar da ke kan kabarin ubansu, yana leƙowa yana nutsewa. Ba wurin da ƙafa za ta kai ba ne.

Etse ya jingine kekensa. Ya dubi masuntan da ke tsaye, ya ce, "Wa zai ara mini jirgi?"

Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mai da ita tari.

Wannan ita ce shigarsa teku ta biyu. Suka ɗora shi a tsakiyar kwalekwale, ya rungume gwangwanin da dutsen da suka ɗaura wa gwangwanin don ya nutse. Tun kafin su tura ya fara amai. Daga tudu muna jin sa. Jirgin ya hau, ya faɗa, ya hau, kansa yana rataye a gefe kamar na kazar da aka yanka. Da suka kai kututturen, Togbi ya zuba giya daga inda muke tsaye, ya kira sunayen iyaye. Muka ga Etse ya ɗago da ƙyar, ya sa hannu biyu cikin ruwa har kafaɗa, ya daɗe a haka, sannan ya fito da su ba komai.

A kafaɗa aka sauke shi. Suka kwantar da shi a yashi, daidai yadda ubansa ya taɓa yi. Na tsuguna ina goge masa baki da bakin zanena, ina kuka, ina zaginsa. Da numfashinsa ya dawo sai ya nuna keken.

"Adzovi, sauke itacen nan ki kai bayan ɗaki."

"Itacen me kuma, don Allah?"

"Na Atsu. Mutum ya tafi itace, ai ba ya dawowa gida hannu rabbana."

Ni mai banda ce, itace kullum saye nake yi, kuma kullum tsada yake ƙarawa. Etse ya koma kai kifi Anloga da Dabala, bai sake ambaton tafiyar ba sai in na matsa masa. Damin yana nan, ɗaure da igiyar taru, ko tsinke ban zara ba. Bara teku ta iso bayan ɗakin, na kira mata biyu suka kama mini, muka matsar da shi gaba.