Ranar da Aka Jefa wa Lissafi Ƙuri'a

Na yi ritaya, amma har gobe ban manta da ranar da aka yi zaɓe a kan jadawalin darussa a makarantarmu ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya, ku buɗe kunne.

Makaranta ce mai zaman kanta a Nassarawa GRA, ni ne mai tsara jadawali. Aikin shi ne ka zaunar da kowane malami a ajinsa ba tare da ya yi karo da wani ba, darasi mai nauyi irin lissafi kuma da safe ake sa shi. Darasin ƙarshe kuwa, a GRA, sunansa matacce. Ana kiran azahar direbobi sun cika bakin get. Wannan ya ce Hajiya za ta unguwa, wancan ya ce Alhaji ya ce a taho da yara yanzu. Wa ya isa ya hana? Kafin malami ya goge allo rabin aji ya watse.

Lokacin soja bai daɗe da komawa bariki ba, ga shari'a ta shigo Kano. Sai abin ya hau kan mataimakin shugabanmu, Malam Habibu. A zango ɗaya ya zama ɗan dimokuraɗiyya, ya kuma zama ustazu. Ya kira ni ofis.

“Malam Sani, zamanin da mutum ɗaya zai kulle ƙofa ya raba wa jama'a darasi ya wuce. Ƙuri'a za a yi. Addini ma shawara ya ce.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, jadawali fa ba kujerar kansila ba ce.”

Ya ce ni dai nawa rubutu ne.

Jama'a, ku zo ku ga kamfe! Malamin tarihi ya ce yana da ta'alimi kullum bayan azahar, alhali duk mun san shagonsa na Tudun Wada yake tafiya. Malamin zane ya ce zane ba ya kyau sai da hasken safe. Goro ya yi ta yawo a ɗakin malamai, mutanen da ba sa ga maciji da juna suka koma “ɗan'uwa, ɗan'uwa”.

Mutum ɗaya ce ba ta nemi kowa ba: Madam Rahila, malamar lissafi, Kirista 'yar Zariya da ke zaune a Kawaji. Ita ke riƙe da 'yan aji uku masu jarrabawar fita. Dokar mai makaranta kuwa kowa ya san ta: malamin da ɗalibansa suka zube a jarrabawa, ya nemi wani wurin.

Ranar zaɓe wani ya miƙe ya ce, “Ai Madam ba ta da azahar da za ta wuce ta. A ba ta darasin ƙarshe, Litinin zuwa Juma'a.” Hannuwa suka tashi sama. Ni da Malam Isa, dattijon da ke koyar da Larabci, mu kaɗai muka ƙi. Ya ce, “Ku ji tsoron Allah. Kada ku jingina lalacinku da salla.” Aka yi kamar ba a ji shi ba.

Madam ta ce, “Malam Habibu, to wa zan koya wa? Kujeru?”

Ya ce, “Rinjaye ya yi magana, Madam. Sai haƙuri.”

Wallahi raina ya ɓaci. Na kai ƙara wurin shugaba, ya ce shi ba ya sa baki a abin da jama'a suka zaɓa. Haka aka ƙare shekara, zane da sassafe, lissafi da tsakar rana, tana rubutu a allo ana yi wa ɗalibanta hon daga waje.

Sakamako ya fito, lissafi ya kwanta warwas. Na ɗauki jadawalin na kai wa mai makaranta, ko kallonsa bai yi ba. Aka sallame ta.

Ranar da take kwashe littattafanta, ina taya ta, sai ga Malam Habibu yana sosa ƙeya. Ashe har da ɗansa a cikin waɗanda suka faɗi.

“Madam, don Allah ki riƙa zuwa gida ran Asabar kina yi wa yaron nan lesin. Amma fa da sassafe. Kin san lissafi ba ya shiga kan yaro da rana.”

Ta dube shi. Ta ce, “Ashe ka sani.” Ta ɗauki jakarta ta fita.

To, kun ji. A aikin nan da wuya ka sami wanda bai san daidai ba. Kowa ya sani sarai, sai dai ba ya tunawa sai abin ya taɓa ɗan cikinsa. In an ba ka jadawali, ka tsara shi kamar 'ya'yanka ne a kowane aji.