Kwanon da Kaka Ta Auna Faransanci da Shi

Har yau in na ji ƙwayar gyada ta faɗa cikin kwano, ƙwal, sai bakina ya kama ƙirga da kansa, ko a tsakiyar kasuwa nake. Kwanaki wata mai gyada ta zaci aljanu ne suka taso min, har ta fara yi min tofi. Ba aljanu ba ne, aikin kakata ne. Gyara zama in ba ka labari.

A Damagaram aka haife mu, ni da ƙanina. Babanmu tela ne, ɗan Kademi ta ƙasar Gaya, neman abinci ya kai shi can. Makarantarmu da Faransanci ake karatu, lakwal muke ce mata. Ina shekara goma, ƙanina yana bakwai, aka aiko cewa yayan Baba ya faɗo daga amalanke ya karye a cinya, gona ba mai riƙewa. Baba ya ce za mu koma gida mu yi damina biyu. Da ya je sallama, daraktan lakwal ya ce zai ajiye mana gurbi, amma ranar da muka dawo sai ya gwada mu. Wanda Faransancinsa ya zube, ajin farko zai koma, ya zauna da masu majina.

Baba ya dawo da damuwa. Ni kuwa na shiga ɗaki na taka rawa. Hutun shekara biyu! Wa zai samo Faransanci a Kademi?

Ashe ban san Kaka ba.

Mun iso ana gyaran gona, zafi kamar a soya ƙwai a kan dakali. Kaka, mahaifiyar Baba, 'yar ƙaramar tsohuwa ce, in iska ta taso sai ka ji kamar ka riƙe ta. Iyayenta daga Barno suka zo da fatauci, suka zauna. Ko harafi ɗaya na boko ba ta sani ba. Da ta ji sharaɗin darakta, sai ta ce wa Baba, "Kai ka ji da gona. Yaren nan ni zan nemo shi."

Aka sa mu a firamaren gari da safe, inda yara suka raɗa min suna 'Yar Faransa tun kafin in zauna. Kaka kuma ta ɗauko wani ɗan kwanon miya mai tsatsa a gindi, da kwandon ɓararriyar gyada. Ta zaunar da ƙanina a gindin darbejiya, ta ce ya yi ta ƙirga da yaren lakwal, kowace lamba ya jefa ƙwaya ɗaya. Inda ya tsaya yana kallon sama, nan aka tsaya. Ƙanina ƙarya ba ta zama a bakinsa, shi ya sa ta zaɓe shi ta bar ni. Ranar farko ya kusa cika kwanon. Kaka ta sa ƙusa ta karce daidai inda gyadar ta kai. Duk Juma'a da hantsi haka za a yi.

Daga nan muka shiga yawo, ni da ita. Ni ce mai gwada malamai, tunda ita ba ta jin abin da suke faɗa. A wata sakandare a Gaya aka ce akwai mai koyarwa, muka tarar ya gama bautar ƙasa ya tafi. A Gafasa ta ƙasar Ajingi aka nuna mana wani mai kanti da aka rantse yana jin Faransanci kamar ruwa, ashe gaisuwa kaɗai ya iya, ita ma ta safe. Kaka ba ta gajiya. Na rantse takalmin robarta ya fi motar haya sanin hanyoyin Ajingi.

Sai aka kai mu wurin wani tsohon direban tirela a Gaya, wanda ya yi shekaru yana zuwa Kwatano. Da ya buɗe baki na gane Faransancinsa na faɗa da jandarma ne a bakin shinge: ga takarduna, ban da komai, ka bar ni in wuce. Rubutu kuwa ko na sunansa bai iya da shi ba. Amma labari! Wani kada ya taɓa bin motarsa, wai, tun daga bakin teku har Birnin Ƙonni.

Kaka ta taɓo ni. "Ƙawata, yaya kika ji shi?"

Na dafa ƙirji. "Kaka, ko daraktanmu in ya gan shi sai ya tsuguna."

Mako shida muka yi muna zuwa. Mu sha labari, mu ci rake, in zana kada a bayan littafina. Ruwa ya sauka, gero ya tsiro, ni kuwa ina ta ƙiba.

Kwanon ne ya tona min asiri. Kowace Juma'a gyadar sai ta ƙara yin ƙasa da layin ƙusa. Ranar Juma'a ta shida ƙanina ya kai sittin da wani abu, ya tsaya, ya kalli sama, ya kalle ni, sai hawaye. Gyadar ko gindin kwanon ba ta gama rufewa ba.

Na jira bulala, ba ta zo ba. Kaka ta jawo kwanon gabanta, ta zubar da ta ciki, ta ɗebi wata. Ta jefa ɗaya, ta ce, "Tilo." Ta jefa ta biyu, "Indi." A ta biyar ta tsaya.

"Barbarci ne, yaren uwata," in ji ta. "Da shi ta yi min rarrashi, da shi ta yi min faɗa. Abin da ya rage min ke nan, biyar. Ban ji ranar da ya fita ba, ƙawata. Ba ya sallama." Ta kalle ni. "Malamin nan naki, ya iya ko bai iya ba?"

Na ce bai iya ba. Ban taɓa jin muryata ta yi ƙanƙanta haka ba. Daga ranar ni ce mai tashinta in za mu fita nema, don na lissafa: in ƙanina ya koma ajin masu majina, ni na kai shi.

Wata guda muka ƙara ba labari. Da yamma ina koya masa abin da na tuna, amma ni ma nawa yoyo yake yi. Sai aka yi suna a Toranke, gidan wata 'yar ƙanwar Kaka. Tsakar gida cike da hayaƙi da ƙanshin man gyada, mata suna ta rabon waina. Ina can ina dabarar yadda zan sami kwano biyu, sai na ga Kaka ta tsaya cak a bayan wata mata mai jera waina a faranti. Matar tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa, ita da kanta: "Onz, duz, trez..."

Kaka ta cafke wuyan hannunta, ta ce da ƙarfi, "Katorz!"

Saura kaɗan farantin ya kife. Ka ga, wata huɗu Kaka tana sauraron ƙanina duk Juma'a, ashe ta haddace har ashirin ba wanda ya sani. Matar kuwa mutuniyar wajen Maraɗi ce, ta yi shekaru tana koyarwa a lakwal kafin aure ya kawo ta Toranke. Mun zaga ƙananan hukumomi biyu muna tambayar maza a shaguna da tashoshi, ga ta nan a bakin murhu.

"Iya, ai na manta," in ji matar. "Shekara nawa rabona da alli?"

Kaka ta kwance bakin zanenta. Wallahi da kwanon take yawo, har gidan suna. Ta ajiye shi a tsakiyar mata, ta zuba gyada a gefe. "Ƙirga min, 'yar nan. Ni zan gaya miki ko kin manta."

Matar ta fara tana dariyar kunya. Ta wuce layin ƙusa, ta cika kwanon, gyada ta fara gangarowa ƙasa, kaji suka taru. Ba ta tsaya ba sai da kwandon gyadar rabon suna ya ƙare. Kafin la'asar Kaka ta samu mijin matar a zaure kan ya bar ta ta koya mana, kuma ban san mutumin da ya taɓa ce wa Kaka a'a ya kwana lafiya ba.

Alhamis da Asabar wani kawunmu yake kai mu a babur. In hanya ta yi caɓi mu sauka mu tura, Kaka tana gaba da takalmi a hannu. Madam, haka muke kiran malamar, da jan biro take aiki. Shiftar farko da ta yi min, jan ya fi shuɗin yawa, kamar an yanka kaza a kan littafin. Na so in yi kuka, na tuna labarin kada, na haɗiye. Kafin a cire gyadar damina ta biyu, Kaka ta daina karce kwano, don ba sauran wurin karcewa.

Da muka koma Damagaram, ƙanina ya wuce ajinsa kafin darakta ya gama goge tabarau. Tawa takardar ya daɗe yana juyawa, har na fara zaɓar wanda zan zauna kusa da shi cikin masu majina. Can ya ɗago.

"Wa ya riƙe muku karatu a Najeriya?"

"Kakata."

"Tana jin Faransanci?"

"Har ashirin."

Ya sa hannu, ya ce in wuce ajina.

Yanzu shekarata goma sha bakwai. Yaran unguwarmu a waya suke neman malami, su latsa sau biyu ya fito, ba caɓi, ba kaji. Ban ce ba kyau. Amma wayar ba ta bin ka gidan suna.

Akwai wata tsohuwa Babarbariya a layinmu, na yi wata uku ina ɗebo mata ruwa tana biya min ƙirga da Barbarci. Da muka je Kademi da babbar sallah, na ɗauko kwanon na ajiye gaban Kaka. Ta ce, "Ke fa ba ki da kunya." Ta jefa biyar ɗinta, ta tsaya tana kallon sama. Na faɗa mata ta shida. Ta maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana miya, sai ta bakwai ta fito mata da kanta.

A goma muka tsaya ran nan. Ta miƙo hannu ba ta kalle ni ba.

"Ba ni ƙusar."