Rahoton da Abdussalami Ya Rubuta

A ƙauyensu kusa da Wad Haddad, Abdussalami ne mutum na farko da ya tuƙa jirgin sama. Mahaifinsa, Malam Almu, ya ƙare rayuwarsa yana tsinkar auduga a hawasha, wato gonar wasu. Ɗan kuwa ya yi karatu har wani ƙaramin kamfani da ke jigilar fasinja daga Khartoum ya ɗauke shi matuƙi.

A 1972 kamfanin ya manna takarda a bango: duk matuƙin da ya yi kuskure ya faɗa da bakinsa, ba za a hukunta shi ba.

Wata ranar damina Abdussalami ya karanta ma'aunin mai ba daidai ba. Ya sauke fasinja goma sha huɗu lafiya, amma da aka duba tanki, abin da ya rage bai kai na minti biyar ba. Makanike ya ce, "Ka yi shiru, ni ban ga komai ba."

Bai yi shiru ba. Ya rubuta cewa ma'aunin yana da wuyar karantawa idan rana ta doke shi. Mudir, shugaban kamfanin, ya kira shi ofis, ya ba shi shayi, ya ce, "Irinku muke so."

Mako na gaba babu sunansa a jerin masu tashi. Aka aika shi gwajin ido, ya ci. Aka sake aika shi, ya sake ci. Sai aka ce ya ɗan riƙe sito kafin a duba batunsa. Ya riƙe shekara biyu.

Ya koma wurin Mudir ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce babu hukunci."

"Wa ya hukunta ka? Nuna mini takardar."

Babu takarda. Ya rasa abin da zai kai ƙara da shi, ya rasa wanda zai kai wa. Lasisinsa ya mutu don bai cika awannin tashi ba.

Ya kwashe matarsa Barakatu da 'ya'yansu, ya koma ƙauye yana tuƙa tarakta.

Wata Juma'a Mahadi, tsohon abokin tuƙinsa, ya zo gaishe shi. Bayan sun ci abinci Mahadi ya rage murya.

"Yaya, ni ma ya same ni shekaranjiya. Ma'aunin nan dai. In rubuta?"

Abdussalami ya tuna Mahadi yana da 'ya'ya biyar. Ya kuma tuna mutanen da za su hau jirgin gobe. Har motar Mahadi ta tashi bai ba shi amsa ba.