Ƙofar da aka ɗaure da waya

Shekarun baya can, zamanin shugaban ƙasarmu na farko, aka yi wata damina mai yalwa bayan fari ya gama wahalar da mu. A garinmu Garwa kowa murna yake yi, ko ruwa ya rushe maka katanga sai ka ce alhamdu lillahi. Mun daɗe muna roƙonsa, har muka manta cewa ruwa ma abin tsoro ne.

A shekarar ne maigidana ya sayi wata tsohuwar jif, mai ja da ƙafa huɗu, a hannun wani Bature mai aikin auduga da zai koma ƙasarsu. Kullum da la'asar ƙafafunsa kawai nake gani sun leƙo daga ƙarƙashinta. Ya cire tamfol ɗin baya ya sa aka yi mata rufin ƙarfe. Ya sa ragar ƙarfe a tagogi saboda ɓarayin kasuwa, ya kuma raba gaba da baya da katako don kada buhu ya faɗo wa direba. Akwai wani bututu da ya miƙar sama ta gefen gilashi, wai ta nan injin zai sha iska in an shiga ruwa. Ni na daɗe ina zaton na hayaƙi ne, har ina hana yara tsayawa kusa da shi.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, makullin ƙofar baya. Ta taɓa buɗewa da kanta a hanyar Ngong, buhun masara ya faɗi. Tun daga ranar, in muka shiga sai ya ɗaure ta da waya ta waje, ya murɗe da filaya, ya miƙo mini filayar ta saman katakon in jefa a akwatin kayan aiki da ke ƙarƙashin bencinmu. In mun isa in miƙa masa ya kwance. Har daɗi abin yake yi mini, don hankalina ya kwanta yarana ba za su faɗa ba.

Ƙanwata ta haihu a wani ƙauye bayan Pitowa, muka kama hanya za mu suna. Kawun maigidana yana gaba, ni da yara uku muna baya, ƙaramin yana goye. Wannan karon, bayan na karɓi filayar, muka jera buhunan shinkafa da na gishiri a jikin katakon har rufi, ba wanda ya kula cewa an toshe 'yar kafar da nake miƙa filaya.

Da muka bar babbar hanya muka iso wani mayo, irin rafin nan da ke bushewa da rani. Rana tana nan tarwai, ruwan ko idon sawu bai rufe ba, sai dai can kan duwatsu hadari ya yi baƙi ƙirin. Maigidana ya sauka ya cire bel ɗin fanka, ya shafe wayoyin inji da giris. Wata mata mai wanki ta ce masa, "Baba, an yi ruwa a dutse fa."

Kawu ya leƙo ya ce, "Ruwan dutse daban, namu daban. Wannan ko akuya ta tsallake shi."

Na ce wa maigidana a hankali, "Malam, ko mu sauka mu taka?"

Ya ce, "Kwance wayar nan ya fi tsallakewar daɗewa. Ku zauna abinku."

Ya sa mata giyar ƙarfi muka shiga. Muna tsakiya ƙafar baya ta zame daga kan duwatsun da aka jera a mashigin ta nutse a yashi, motar ta karkace, injin ya mutu. Ya sauko yana dubawa yana tsaki. Sai na ji wata ƙara daga sama, kamar manyan motoci a jere. Matar nan ta ƙwala ihu da Fillanci, "Ndiyam wari!" Ruwa ya zo.

Ta ragar taga na gan shi, ja wur, ɗauke da rassa. Da ya bugi motar sai da kan babbar 'yata ya ƙwalu da ƙarfe. Nan da nan ya fara ɓulɓulowa ta ƙasa, da sanyi kamar na randa.

Maigidana ya zagayo yana kokawa da wayar da hannu. Na ji shi yana cewa, "Filaya! Miƙo filaya!" Na laluba cikin ruwa na samo ta, na ɗaga ido, ba ta inda zan miƙa. Buhuna sun jiƙe sun cije, ragar kuwa ko yatsa biyu ba sa shiga. Shi ma ya gane a lokacin, sai ya saki wayar ya zo jikin taga.

Ruwa ya kai mini gwiwa. Na ɗora manyan biyu a kan benci. Na tsakiyan yana ta kuka, babbar kuwa ta riƙe gefen zanena. Na koma akwatin na ciro ƙarfen kwance taya, na cusa shi a kusurwar ragar na danna. Ni da ko kaza ba na iya riƙewa a yanka, ban san inda ƙarfin ya fito ba. Waldar ta ɓalle a gefe ɗaya, maigidana ya kama ya fizge, hannunsa duk jini.

Ashe ihun matar ya taro manoma daga gonaki, mutanen dutse. Sun ɗaura igiya a wata bishiya sun jeru cikin ruwa, kowa riƙe da na kusa da shi. Na kwance goyo na tura shi ta taga, na ga yana wucewa daga hannu zuwa hannu sama da kawunansu. Sai na tsakiya. Da na ɗaga babbar ta ce, "Inna, ke fa?"

Na ce, "Ina bayanki."

Na san ba zan wuce ta tagar nan ba, ko rabina ba zai shiga ba. Na miƙa filaya na tsaya, ruwa a ƙirjina. Maigidana ya nutsa, ya taso, ya sake nutsawa, don ruwan ya rufe wayar. Ina kallon rufin ƙarfen yana matsowa kusa da kaina, na fara kalmar shahada. Sai ƙofar ta buɗe, wani hannu ya cafki wuyan rigata.

A gaɓar da muka baro aka zube mu. Kawu na zaune ba hula. Matar mai wanki ta dube shi ta ce, "Baba, ina akuyar?" Manoman nan ne suka ɗaure motar da igiya kada ta tafi, su ne kuma suka ba mu masauki.

Ban taɓa ganin laifin maigidana ba, Allah ya jiƙansa. Duk abin da ya ƙara wa motar nan don ya tsare mu ya yi shi, shi dai tunanin faɗowa ya yi, bai yi na fitowa ba. Amma har yau in na shiga mota sai na taɓa mariƙin ƙofa na ji yana motsi, jikokina suna yi mini dariya, ni ma ina taya su.

Washegari da safe mayo ya koma kamar ba shi ba. An ja motar da shanu, an zubar da baƙin mai an sa wani, da hantsi ta tashi tana tari. Maigidana ya zo da hannu a naɗe ya ce, "Ku shigo, na cire ƙofar baki ɗaya."

Na gyara goyona, na kama ɗaya a dama ɗaya a hagu, na tuɓe takalmi. Na ce, "Mun ji, Malam. Ka same mu a ƙetare."