Yoyon da Yaya Ya Ƙi Gyarawa

Yayana mai gyaran famfo ne, shekara arba'in da ɗoriya yana wannan sana'a. Babu gida a layinmu da bai taɓa durƙusawa a gindin famfonsa ba. Amma na tsakar gidansa kullum yoyo yake yi, kuma da gangan ya bar shi.

A ƙarƙashin famfon ya binne tsohon bahon wanka, ya zuba laka, ya dasa bado. Saiwar daga fadamar da muka yi wasa muna yara ya tono ta, ana saura mako guda a cike wurin a gina tashar mota. Bado ba ya son ruwa ya ja baya, shi ya sa ya saita ɗigon daidai da abin da rana ke shanyewa. Kowace shekara sai ya fid da farin fure, Yaya ya tsuguna yana tsince ruɓaɓɓen ganye.

Matarsa takan ce, "Malam, sauro kake kiwo ko fure?"

"Duka biyun. Ke ma ai ina ciyar da ke kina cizona."

Da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, wata biyu ya yi a asibiti. Babban ɗansa, wanda ya gaji sana'ar, ya ce zai gyara gida kafin a sallamo shi, don keken marasa lafiya ba ya tafiya a taɓo. Ya canja kan famfon, ya kwashe lakar, ya shafe wurin da siminti. Ina zaune ina kallo. Na ga saiwar a cikin baro, na san ko mece ce. Na bari aka zubar da ita. Ni ma sauron nan ya ishe ni.

Ranar da aka dawo da shi, ɗan ya tura shi har gaban famfon. "Baba, duba. Ko ɗigo ɗaya babu."

Yaya ya miƙa hannunsa mai lafiya, ya shafa mahaɗar bututun, ya dubi yatsunsa. A bushe. Ya gyaɗa kai, don aikin ya yi kyau, kuma shi ya koya masa. Sannan ya ɗago ya dube ni. Ni kaɗai ya duba.

Shekara biyu ya ƙara a duniya. Duk ranar da aka so fito da shi tsakar gida, sai ya damƙe tayar keken a bakin ƙofa. Har yau ɗan nasa cewa yake ciwo ne ya sa tsoho ya tsani rana. Na bar shi a haka.