Katin Ɗan Ƙwallon da Na Jiƙa a Ruwa

Wai don Allah, tun yaushe wanki ya zama ha'inci?

Jiya na jiƙa wani tsohon katin ɗan ƙwallo da na samo a Erdington. Gam ɗin bayansa ya saki, fuskar mutumin ta fito tas! Har tsalle na yi a kicin.

Na kira abokina Bulus, dillalin kati a Levenshulme, ina ɗoki, na ce zan sayar da katin. Sai ya ce, "Mutumina, ka cuci mai saye."

Na ce, "Ruwa ne zalla, kuma zan faɗa masa! Jaket ɗin gwanjon da kake taƙama da ita, da dauɗarta ka saya?"

Ya kashe waya, ya hana 'yan group ɗinmu na masu tara kati musaya da ni.

Bulus, fito nan gaban jama'a ka amsa: ina cutar take?